Shaidu Biyu Kafin Ci

Ni ban iya rubuta manhaja ba.
Cajin waya nake yi a Gwammaja:
soket arba'in, janareta ɗaya mai tarin tsufa,
da bencin da gardamar ƙwallo ta cinye wa ƙafa.

A kan bencin maganar ta tashi, bayan isha'i.
Mudansir ya ɗaga wayarsa, ya ce, ku duba,
in aka zura ƙwallo a ƙasar da ban taɓa takawa ba,
kafin raga ta daina rawa na ji labari.
Amma jiya yaran Kurna sun kara da na Dakata,
nan kusa, kuɗin adaidaita ɗaya,
har yanzu kowane baki da nasa sakamakon.

Zinatu ce ta zo da kwamfuta,
wadda sai an tokare murfinta da gwangwanin madara.
Ba ta san satar gida ba, ba ta san kwana ba,
ta ce, ba ruwana, ku dai ku kawo mini lamba.
Lawandi tela ya zana fuskar abin
a bayan kwalin taliya, da allin yankan yadi.
Wani ya ajiye ɗari biyar ta data,
wani ƙosan da ya huce.
Ni na ba da wuta har ɗayan dare,
ban buɗe littafin bashi ba.

Mako guda muka kashe kan kalma ɗaya:
canjaras za a sa, ko kunnen doki?
Sai da mutum biyu suka daina gaisawa.

Ranar gwaji muka tura Sagiru filin Rijiyar Lemo.
Aka ci ɗaya, ya danna, sabis ya ɗauke.
Ya danna, ya danna, ya yi ta dannawa
kamar mai buga ƙofar kurma.
Da sabis ya dawo, wayoyi suka ce sha huɗu da nema.
A wani lungu har an fara yayyafa ruwan leda.
Zinatu ta ce, ƙwaro ne.
Lawandi ya duƙa yana leƙa ƙarƙashin benci.
Dare uku ta yi tana farautarsa,
idonta ja kamar gauta.

Na biyun ba a kwamfuta yake ba.
Bashari ne wakilinmu a Kurna,
ƙanensa ke tsaron raga,
kuma duk ƙwallon da ta wuce yaron,
sai a tarar Bashari ya tafi alwala.
Ba mu kore shi ba.
Muka ce daga yau ci ba ya zama ci
sai mutum biyu sun danna,
ɗaya daga gidan murna, ɗaya daga gidan haushi.

Sannan Baffa Tasi'u ya zo, jikansa riƙe da sandarsa.
Lamba tara ne a zamaninsa,
yanzu yana ta rufe masa ido.
Ya shafa gilashin wayar da babban yatsa,
ya ce, santsi kawai nake ji, ina wasan?
Babu wanda ya amsa.
Washegari Zinatu ta kanga mini waya a baki,
wai shekaru tara ina ihu a kan janareta,
babu muryar da ta kai tawa fita.
Na karanta sifili zuwa ashirin,
na karanta sunayen unguwanni har maƙogwarona ya bushe.

Yanzu ranar Asabar, daga aljihun Baffa,
ni nake cewa, Dakata biyu, Kurna ɗaya,
alhali ina nan ina neman cajar wani.

Har yau abin yana sandarewa a ƙaramar waya.
'Yan langa na Sheka sun aiko a buɗe musu shafi,
'yan dambe ma sun yi magana.
Zinatu tana da jarrabawa ranar Litinin.
Man janareta saura kwalba guda,
kuma Mudansir bai biya cajin jiya ba.